Kafin ki saya wa kwamfutar yara RAM: ita ma sai an gwada jininta

 Na san kin saba in zo miki da maganar zazzaɓin cizon sauro, ko rigakafi, ko abincin mai jego. Yau dai marar lafiyar tamu ba mutum ba ce, kwamfuta ce. Kada ki ce babu ruwanki ki wuce. In dai kina da ɗa ko 'ya a babbar sakandare, ko ba daɗe ko ba jima maganar za ta iske ki har ɗaki, kuma sau da yawa daga bakin zanenki kuɗin zai fito.

Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. WAEC ma ta fara hakan a 2024 da ɗalibai masu zaman kansu. A nan Yauri, da garuruwan Ngaski da Shanga da ƙauyukan bakin ruwa, na ga yara masu ƙoƙari waɗanda ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ana gobe jarrabawa. Yaro ya san amsa, amma hannu na rawa, lokaci na tafiya. Tsoron haka ne ya sa da na kwashi adashina na saya wa yaran gidana kwamfutar tebur ta hannu, irin tokumbon nan da ofisoshin Turai suka gama yayinta. Babbar dai, wadda ba zan ambaci sunanta ba tunda kun san 'yar fari ce, ita ke shirin JAMB.

Wata biyu muna murna, sai ƙorafi ya fara. "Umma, kwamfutar nan sai ta yi ta tunani kafin ta buɗe abu." In ta buɗe manhajar gwajin jarrabawa tare da shafi biyu ko uku na intanet, sai komai ya tsaya cak. Wani ya ce mana a ƙara mata RAM kawai. Ni kuwa ban tsaya tambaya ba. Na sami direban da ke zuwa Kano, na ba shi kuɗi na ce ya sayo mini RAM mai 8GB na kwamfutar tebur. Bawan Allah ya cika alkawari, ya kawo sabo fil a cikin ledarsa. Da aka buɗe kwamfuta aka zo sakawa, ya ƙi shiga. Ƙanin maigidana har ya fara danna shi da ƙarfi, Allah ya sa na riƙe hannunsa. Ashe nau'in DDR4 aka kawo, ita kuwa kwamfutar DDR3 take ci. Mai shago yana Kano, mu muna Yelwa, babu rasit, babu alkawarin canji. Laifin ba na direba ba ne, ba kuma na mai shago ba. Abin da na ce a sayo shi aka sayo.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, ni ce fa wadda a wurin aiki ba zan taɓa yarda a ɗaura wa mutum ledar jini ba sai an gwada rukuninsa, an kuma haɗa nasa da na mai bayarwa an ga sun karɓi juna. Ko jinin ɗan uwansa ne na ciki ɗaya, sai an gwada. To RAM ma haka yake. Ba kyansa ake dubawa ba, ba girmansa ba, ba tsadarsa ba. Dacewarsa da kwamfutarki ake fara dubawa.

Mene ne RAM ɗin?

Ki ɗauki kwamfuta kamar gidanki. Akwai sito inda kike ajiye buhun shinkafa, da manja, da busasshen kifi. Wannan shi ne rumbun ajiyar kwamfuta, inda hotuna da takardu da manhajoji suke zaune ko an kashe ta. Sannan akwai tabarmar da kike baza kayan girki a kai idan za ki ɗora tukunya. Wannan tabarmar ita ce RAM. In tabarmar ƙarama ce, sai kin mayar da albasa sito kafin ki ɗauko tattasai, ki mayar da tattasai kafin ki ɗauko kifi. Girkin zai yiwu, amma za ki wuni kina safa da marwa. Wannan kai-komon shi ne nauyin da yara ke kuka da shi. Ƙara RAM faɗaɗa tabarma ne. Ba ya ƙara girman sito, kuma ba ya goge komai daga cikin abin da aka ajiye.

A fara gano ciwon tukuna

Ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba, haka ba kowane nauyin kwamfuta ne ƙarancin RAM ba. Ki sa yaron ya kunna ta, ya buɗe duk abubuwan da ya saba aiki da su. Sai ya danna maɓallai uku tare: Ctrl da Shift da Esc. Wani shafi zai fito mai suna Task Manager. Ya shiga inda aka rubuta Performance, ya duba abu biyu.

In wurin da aka rubuta Memory ya cika, kullum yana kashi 80 ko 90 cikin 100, to lallai tabarma ta yi kaɗan, ƙarin RAM zai yi amfani.

In kuwa Memory da sauran wuri, amma Disk ne ke maƙale a kashi 100, to matsalar tana sito. Tsohon rumbu ne mai faifai mai juyawa, ya gaji. Maganinsa a canza shi da irin wanda ake kira SSD. Ko kin cika kwamfutar da RAM, nauyin ba zai tafi ba.

Akwai kuma ta uku da muka fi sani a nan: zafi da ƙura. Kwamfutar da ta sha ƙurar hunturu, fankarta ta toshe, sannan ga zafin bazara irin na Yauri, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Wannan ba ta buƙatar a saya mata komai, shara kawai take so.

Rukunin jinin kwamfutarki

In kin tabbatar RAM ne, to ga abubuwa biyar da dole su dace.

Na farko, zuriyarsa. RAM hawa-hawa ne. DDR2 shi ne na tsofaffin kwamfutoci sosai. DDR3 ya fito a 2007, DDR4 a 2014, sai DDR5 na sababbin yanzu. Babu wanda ke shiga gurbin wani. A ƙasan kowane RAM akwai jerin haƙora masu ruwan zinariya, a tsakaninsu akwai wata 'yar wushirya. A cikin gurbin da ake soka shi kuma akwai ɗan tudu daidai inda wushiryar za ta zauna. Kowace zuriya da inda tata wushiryar take, da gangan aka yi haka don kada a saka wanda bai dace ba. DDR2 da DDR3 na kwamfutar tebur duk haƙora 240 gare su, DDR4 da DDR5 kuma 288, amma wushiryar kowanne daban. Don haka in ya ƙi shiga, ba ƙarfi yake so ba. In aka matsa, gurbin ne zai karye, kuma gurbin a jikin babban allon kwamfutar yake, wanda ya fi RAM ɗin tsada nesa ba kusa ba.

Kada kamannin akwati ya ruɗe ki. Misali, cikin kwamfutocin Dell OptiPlex da suka cika kasuwar tokumbo, mai lamba 760 DDR2 take ci, 780 da 3020 DDR3, 3040 wani nau'i na DDR3 mai harafin L, 3050 kuwa DDR4. Suna ɗaya, kamfani ɗaya, jini daban-daban.

Na biyu, tsawonsa. Na kwamfutar tebur dogo ne, kusan santimita 13. Na laftof gajere ne, kusan santimita 7. Sai dai ki lura, ƙananan kwamfutocin teburin nan da ba su wuce girman littafi ba, gajeren suke ci, irin na laftof. Shi ya sa cewa "na tebur" kawai bai isa ba.

Na uku, harafin da ke ƙarshen lamba. A jikin kowane RAM akwai farar takarda da rubutu kamar haka: 4GB 2Rx8 PC3-12800U. Kada ya tsorata ki. 4GB shi ne girmansa. PC3 na nufin DDR3, PC4 na nufin DDR4, PC2 na nufin DDR2. Lambar 12800 saurinsa ce. A DDR2 da DDR3, harafin da ya biyo bayan lambar shi ne abin lura. U shi ne na kwamfutar tebur ta gida. S na laftof ne. R kuwa na manyan injinan kamfanoni ne da ake kira saba. Mai R yakan zo da girma ga araha, kuma wushiryarsa daidai take da ta mai U, zai shiga gurbi lafiya lau, amma kwamfutar gida ba za ta tashi da shi ba. Mai harafin E ma ki bar shi, sai in takardar bayanin kwamfutarki ta ambace shi.

Na huɗu, ƙarfin wutar da yake sha. Wannan ya fi shafar DDR3. Akwai PC3 zalla mai shan bolt 1.5, akwai PC3L mai shan bolt 1.35. Galibi mai L yana aiki a kwamfutar da ke cin PC3 zalla. Amma kwamfutar da aka ƙera don mai L, kamar 3040 ɗin nan da na ambata, tana iya ƙin wanda ba shi da L. In kin ga L a jikin wanda ke cikin taki, ki nemi mai L.

Na biyar, iya cikinta. Kowace kwamfuta da iyakar abin da za ta ɗauka da yawan gurabenta. Tamu 3020 ce, gurbi biyu gare ta, kuma ba ta wuce 16GB. Ki rubuta sunan kwamfutarki da lambarta a Google ta wayarki, ki nemi bayanin da kamfanin da ya ƙera ta ya fitar. Wasu tsofaffin ma, irin na wajajen 2009 da 2010, suna da tsirfa: sukan karɓi mai 4GB idan ƙananan baƙaƙen ƙwayoyinsa suna fuska biyu, wato mai rubutun 2Rx8, su ƙi mai fuska ɗaya. Sannan a duba Windows ɗin da ke kanta. A shiga Settings, sai System, sai About. In an ga 32-bit, ko nawa kika saka ba za ta amfana da abin da ya wuce kusan 4GB ba, sai an sake mata mai 64-bit.

Sauri fa? Wannan bai kai sauran tayar da hankali ba. In kin haɗa mai sauri da marar sauri 'yan zuriya ɗaya, yawanci duka biyun za su koma tafiyar marar saurin, kamar ki fita unguwa da tsohuwa. Amma abin da ya fi kwanciyar rai shi ne ki samo mai lamba iri ɗaya da wanda ke ciki.

Nawa ne zai isa?

Don koyon buga rubutu, da gwajin JAMB, da aikin makaranta, da kallon darasi a YouTube, 8GB ya wadatar. In akwai mai 4GB a ciki da gurbi ɗaya a buɗe, ki sayi wani 4GB irinsa. Guda biyu masu girma ɗaya sukan yi aiki kafaɗa da kafaɗa, sun ɗan fi guda ɗaya mai 8GB sauri, kuma kuɗin ya fi sauƙi. Kada yaro ya sa ki sayen 16GB don wasan ƙwallo, ya ce miki na karatu ne.

Akwai kuma lokacin da haƙuri ya fi. In kwamfutar DDR2 take ci, ta tsufa ƙwarai, kuɗin da za ki zuba mata gara ki tara ki canza wata. Ki kuma sani cewa kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 kulawar da ya saba bayarwa tun ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma yawancin kwamfutoci masu DDR3 ba sa cikin waɗanda ya amince su hau Windows 11. Tamu ma haka take. Tana nan tana yi wa yara aikin karatu, amma ba na harkar banki a kanta, kuma ba zan kashe mata abin da ya wuce kima ba. Ga shi daga ƙarshen 2025 farashin RAM ya tashi a duniya, saboda manyan kamfanonin fasahar AI suna kwashe kayan da masana'antu ke fitarwa. Kuskuren da a da za a shanye, yanzu yana da ciwo.

Yadda za ki saya ba a yi asara ba

Karo na biyu ban aika kowa ba. Na sa 'yar tawa ta cire wanda ke ciki, muka ɗauki hoton takardar jikinsa da waya, rubutu ya fito raɗau. Muka ɗauki hoton lambar kwamfutar da ke gaban akwati. Da tafiya ta kama ni zuwa Birnin Kebbi, na naɗe akwatin kwamfutar a zane na sa a mota. Ba sai da allon kallo ba, masu shago suna da nasu.

A shagon, yaron ya ɗauko wani mai 8GB ya ce, "Hajiya, ga babba, kuma kuɗinsu kusan ɗaya da ƙaramin." Na karɓa na duba, sai ga R a ƙarshen lamba. Na ce, "Ɗana, wannan ba na saba ba ne?" Ya ce ai duk DDR3 ne. Na ce to bismilla, a gwada. Ya shiga gurbi daram, aka kunna, allo baƙi ƙirin, fitilar gaba sai ƙyaftawa take. Ya yi dariya ya ɗauko mai U. Nan take ta tashi, ta nuna 8GB. Ba cuta ya yi niyya ba, shi ma bai lura ba ne. Amma da a Yelwa na gano haka, da an sake maimaita ta Kano. Araha dai ba ta ado.

Don haka, in za ki iya, ki je da akwatin a gwada a gabanki. A kunna, a shiga Task Manager ki ga sabon adadin da idonki, a bar ta ta yi aiki na ɗan lokaci a ga ba ta ɗauke ba. In aike za ki yi zuwa Kontagora ko Sakkwato, ko kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano, ki tura hotunan nan biyu ta WhatsApp, ki ce mai shago ya turo miki hoton takardar wanda zai bayar kafin a biya. Ki gwada rubutun biyu harafi da harafi, kamar yadda muke gwada sunan majinyaci da na jikin ledar jini. A karɓo rasit, a kuma yi magana a fili cewa in bai yi ba za a canza. RAM na hannu ba laifi ba ne, abu ne mai ƙarko, kuma DDR3 ma yawanci na hannun za ki samu. Gwajin dai shi ne wajibi.

Wata shawara kuma: duk ranar da za ki kai kwamfuta gyara, ki san adadin RAM ɗin da ke cikinta, ki ajiye hotonsa. Yawancin masu gyara mutanen kirki ne, amma shaida ba ta ɓata zumunci.

In a gida za a saka

Aikin bai fi minti goma ba, kuma yaron da ya kai babbar sakandare zai iya, kina tsaye a kansa.

A kashe kwamfutar, a zare wayar wuta daga bango gaba ɗaya, ko da an ɗauke wuta. Kin san halin wutarmu, ga mu a bakin Kainji amma ba ta sallama in za ta dawo. In da sola ko inbata kuke aiki, nan ma a zare. Sai a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar da ke ciki ta fita.

A buɗe murfin gefe. Kafin a taɓa komai, a dafa ƙarfen akwatin da hannu. Kin san ɗan tartsatsin nan da mayafi ko bargo ke yi lokacin hunturu? Irinsa yana jikin mutum, kuma ya isa ya lalata RAM. A riƙe RAM ɗin ta gefe da gefe, kada yatsa ya taɓa haƙoran, kada kuma a zo da jiƙaƙƙen hannu ko mai maiƙo.

A buɗe 'yan kunnuwan da ke bakin gurbin, a daidaita wushirya da tudunta, a danna kai biyun a hankali har a ji ƙas, kunnuwan sun kama da kansu. A rufe, a kunna. In allo bai kawo ba ko ta yi ta ƙara, kada hankalinki ya tashi. A kashe, a zare wuta, a cire a sake zaunar da shi sosai, domin sau da yawa rashin zama daidai ne. In an yi haka sau biyu bai yi ba, a cire sabon a bar tsohon. In ta tashi da tsohon, kin san sabon ne bai dace ba, sai a mayar wa mai shi. Ki kuma kawar da ƙananan yara daga wurin, don kusoshin murfin nan ƙanana ne, mai rarrafe kuwa komai baki yake kaiwa. Wannan kam nas ce ke magana.

Da na dawo gida, na cire sabon na ba 'yar tawa na ce ta mayar da hannunta. Ta yi ta nuƙu-nuƙu tana tsoron kada ta ɓata, har dai muka ji ƙas ɗin nan. Yanzu kullum bayan sallar isha'i tana zama ta yi gwajin awa ɗaya, ƙannenta na layi a bayanta. Ko ta ci ko ba ta ci ba, wannan na Allah ne, amma dai ba za ta shiga ɗakin jarrabawa tana baƙunta da linzami ba. Shi kuwa DDR4 ɗin Kano yana nan cikin durowata tare da katunan rigakafin yara, ina jiran mai kwamfutar da jininsu zai zo ɗaya.

In kina da kwamfuta a gida kuma rubutun jikin RAM ɗinta ya ɗaure miki kai, ki kwafo shi yadda yake ki ajiye mana a ƙasa, tare da sunan kwamfutar da lambarta, sai mu duba tare. Matambayi ba ya ɓata. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma fagenmu, mu yi maganar idon yara da yawan kallon allo, tunda mun kawo musu kwamfuta gida. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani.